Rigimar Awzu Tsakanin Cadi da Libiya: Wuta Ta Tsaya, Zargi Bai Tsaya Ba

Ran 11 ga watan Satumba 1987 ne Cadi da Libiya, maƙwabtan Nijar ta gabas da arewa maso gabas, suka karɓi kiran Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, watau OUA, suka tsagaita wuta. Shugaba Kenneth Kaunda na Zambiya ke riƙe da ƙungiyar a lokacin. Abin da ya haɗa su faɗa shi ne zirin Awzu, wata doguwar ƙasa ta duwatsu da rairayi a arewacin Tibesti, mai faɗin murabba'in kilomita wajen 114,000, wadda ƙuryarta ta yamma ke taɓa iyakar Nijar. Mazaunanta Tubawa ne, dangin Tubawan Kawar da Jado. Tun 1973 sojan Libiya suka shige ta suka zauna.

Kafin ranar nan an sha jini. Cikin 1987 dakarun Hissène Habré, bisa ƙananan motocinsu na Toyota, suka karɓe Fada a watan Janairu, suka karɓe Wadi Dum a watan Maris, ran 8 ga Agusta kuma suka shiga garin Awzu. Kwana 20 kaɗai suka yi Libiya ta fitar da su. Sai suka rama, suka kutsa cikin Libiya kanta ran 5 ga Satumba, suka fasa sansanin jiragen Maatan as-Sarra.

To, an dai ajiye bindiga, amma yarjejeniyar ba ta faɗi inda iyaka take ba, ba a kuma girke wata runduna tsakanin sojojin biyu ba. Nan ne gizo ke saƙar. Ba a jima ba Njamena ta shiga fitar da sanarwa bi da bi, tana cewa jiragen yaƙin Libiya suna keta sararin samaniyarta, kuma Tarabulus na tara mayaƙa a Darfur ta ƙasar Sudan don su faɗo mata ta gabas. Tarabulus ta musanta. A wajenta Awzu ƙasarta ce, saboda haka sojan da ke can bai keta komi ba. Mai laifi shi ne wanda ke tsare da fursunonin yaƙinta, wanda kuma ya bar sojan Faransa suka yi zaune a Njamena tun Fabrairu 1986. Mai karatu ya lura: kalmar keta yarjejeniya ba ta da ma'ana guda muddin ba a daidaita kan iyaka ba. Jirgin da ya tashi bisa Awzu, a idon wannan yana gida ne, a idon wancan kuwa ya shiga gonar wani. Kwamitin sulhu na OUA, ƙarƙashin Shugaba Omar Bongo na Gabon, sai ya saurari kowa, ya karɓi takardu, ya sa wata rana.

Da sannu aka sassauto. A watan Mayu 1988 Kanar Kadafi ya ce ya amince da gwamnatin Habré, ran 3 ga Oktoba aka maido da hulɗar jakadanci, ran 31 ga Agusta 1989 kuma aka sa hannu a birnin Alje cewa in shekara guda ta cika babu sulhu, a tafi Kotun Duniya ta La Haye. Shekara ta cika, aka tafi a 1990. Zargi kuwa bai yanke ba, don Habré ya yi ta kukan Libiya na ba Idriss Déby makamai. Déby ya shiga Njamena a watan Disamba 1990, amma duk wanda ya zaci zai yafe Awzu don sakayya bai canka daidai ba: ya ci gaba da shari'ar.

A gaban alƙalai takarda ce ta yi magana. Libiya ta kawo gadon Turkawa da na Sanusiyya, ta kuma tuna da yarjejeniyar Laval da Mussolini ta 1935, wadda ta miƙa zirin ga Italiya amma ba ta taɓa fara aiki ba. Cadi ta riƙe yarjejeniyar abota da maƙwabtaka ta 10 ga Agusta 1955, wadda Libiya mai cin gashin kanta ta sa wa hannu tare da Faransa. Ran 3 ga Fabrairu 1994, da ƙuri'a 16 bisa 1, kotu ta ba Cadi gaskiya. Ta ƙara da cewa ko da yake wa'adin shekara 20 aka yanka wa yarjejeniyar, iyakar da ta shata ba ta mutuwa da cikar wa'adi.

Libiya ta karɓi hukunci, abin da ya kamata a yaba mata. Aka tsara janyewa a birnin Sirte ran 4 ga Afrilu, Majalisar Ɗinkin Duniya ta aiko da hafsoshi 9 'yan kallo, su gani da idonsu. Ran 30 ga Mayu 1994 ƙasashen biyu suka sa hannu cewa sojan Libiya sun fice daga Awzu, 'yan kallon nan kuma suka shaida.