FASHIN BAƘI: Abin da kwamfutar shagon kafe ke riƙewa bayan ɗalibi ya tashi

A Ikara da Makarfi da Hunkuyi, hedikwatar ƙaramar hukumar Kudan, yawancin hulɗar da matashi ke yi da hukuma a yau sai ta bi ta kwamfutar da ba tasa ba. Duba gurbin karatu a shafin JAMB, neman bashin karatu na NELFUND da aka buɗe a watan Mayun 2024, rajistar hidimar ƙasa, cike fom ɗin aikin soja ko na ɗan sanda, har da somin-taɓin rajistar katin zaɓe ta intanet da INEC ta ɓullo da shi a watan Yunin 2021, duk suna buƙatar imel da kalmar sirri. Waya tana iya ɗaukar wani ɓangare na aikin, amma sikanin da buga takarda sai an dangana da shago. Mutum ya biya kuɗinsa, ya karɓi takardarsa, ya kama gabansa. Sai dai kwamfutar ba ta mantuwa da wuri haka.

Wurare uku ne take ajiye abin da aka shigar mata, kuma kowanne da irin haɗarinsa.

Na farko shi ne manhajar shiga intanet, irin su Chrome da Edge da Firefox. Da zarar an rubuta kalmar sirri, manhajar takan tambaya ko a adana. Yaron shago da ke fama da layin mutane yakan danna amincewa don tambayar ta kauce masa daga fuska. Daga nan kalmar ta zauna, kuma duk wanda ya buɗe sashen kalmomin sirri zai iya karanta ta ƙuru-ƙuru. Gaskiya ne manhajar takan nemi kalmar sirrin kwamfutar kafin ta nuna, to amma wannan ba katanga ba ce a na'urar da kowa a shagon ya san mabuɗinta.

Na biyu ya fi ɓoyuwa. Idan mutum ya shiga imel ɗinsa, shafin yakan bar wata 'yar shaida a kan kwamfutar don kada a riƙa tambayarsa kalmar sirri a kowane motsi. Rufe tagar shafin ba ya goge wannan shaida; sai an danna fita daga akawun. Wanda ya zauna bayansa zai tarar da ƙofa a buɗe, ba zai buƙaci kalmar sirri ba, ba kuma za a aika wa mai akawun lambar tabbatarwa a waya ba. Haka lamarin WhatsApp da aka haɗa da kwamfutar shago don a ɗauko hoton takarda.

Imel shi ne uwar makullai. Wanda ya riƙe shi zai iya neman a sauya kalmar sirrin kusan kowane shafi da aka yi rajista da shi. Abin da ya fi muni shi ne al'adar barin mai shago ya buɗe wa ɗalibi imel da lambar wayarsa shi mai shagon. Shekaru huɗu ko biyar bayan haka, lokacin hidimar ƙasa, ɗalibin zai gano cewa akawun ɗin da rayuwar karatunsa ke rataye a kai ba a hannunsa yake ba, mai shagon kuwa wataƙila ya koma Zariya ko Kano, ko layin ya mutu. Tun 2017 JAMB ta taƙaita rajistar jarrabawarta ga cibiyoyin da ta tantance, amma duba sakamako da karɓar gurbi da buga takardu har yanzu a shaguna ake yin da yawansu.

Wuri na uku shi ne wanda masu shago da ma'aikatan ofis suka fi shan wahalarsa. Shago mai kwamfuta uku ko huɗu yakan haɗa su da firinta ɗaya da folda ɗaya ta bai-ɗaya, inda ake zuba duk abin da aka yi sikanin: takardar NIN, shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, sakamakon WAEC da NECO, hoton fasfo, bayanan banki. Foldar tana zaune a kwamfuta ɗaya, sauran suna leƙo ta da suna da kalmar sirri. Idan aka zaɓi a tuna da su, Windows yakan adana su a wani sashe da ake kira Credential Manager.

Matsala takan taso ranar da aka sauya kalmar sirri a babbar kwamfutar, misali bayan wani yaro ya bar aiki. Sauran na'urorin za su ci gaba da miƙa tsohuwar kalmar da suka haddace, babbar kuwa ta riƙa ƙi. Wani lokaci kuma Windows ya ƙi sabon suna saboda akwai tsohon haɗi a buɗe, domin ba ya yarda mai amfani ɗaya ya shiga na'ura ɗaya da sunaye biyu a lokaci guda. Wannan ne kuskuren da ke zuwa da lamba 1219. Gyaran ba ya cin minti biyar. A buɗe Credential Manager, a nemo sunan babbar kwamfutar a jerin, a cire shi. Mai son umarnin rubutu zai ga jerin da cmdkey /list, ya katse tsofaffin haɗe-haɗe da net use * /delete, sannan ya sake shiga da sabuwar kalma. Idan abin ya ci gaba da turjewa, a kashe na'urar a kunna.

Abin takaici, ba wannan hanya aka fi bi ba. Mai gyara da ke sauri yakan kashe buƙatar kalmar sirri gaba ɗaya, ya ba kowa da kowa izinin shiga foldar. Aiki ya tafi, kwastoma ya daina ƙorafi, amma daga ranar duk wanda ya samu mabuɗin Wi-Fi ɗin shagon zai iya kwashe takardun ɗaruruwan mutane daga bakin titi. Wasu har sukan farfaɗo da tsohon tsarin musayar fayil na SMB1 don tsohuwar firinta ta yi aiki, alhali ta ramin wannan tsari ne cutar WannaCry ta bi a watan Mayun 2017 ta durƙusar da asibitoci a Ingila. Ƙari a kan haka, Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 tun Janairun 2020, ya kuma tsayar da 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar ƙarshe ga Windows 10.

A ofisoshin gwamnati da makarantu, raba suna ɗaya tsakanin ma'aikata yana haifar da wata illa da ta shafi riƙon amana. Idan mutum biyar na shiga da suna ɗaya, aka wayi gari an sauya suna a jerin masu cin gajiyar tallafi ko an taɓa maki, babu rijistar da za ta nuna hannun wa. Kowa zai rantse, kuma na'urar ba za ta iya ƙaryata kowa ba.

Ba a rasa doka ba. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa masu kafe yin rajista da ajiye littafin sa hannun masu amfani da na'urorinsu, ta kuma tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara biyar ko tarar naira miliyan 5 ga wanda ya kutsa cikin kwamfuta ba izini da niyyar zamba, ya kuma kwashi bayanai masu muhimmanci ga tsaron ƙasa. Dokar kare bayanai da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta kafa hukumar NDPC, ta ɗora wa duk mai tara bayanan jama'a nauyin tsare su. Kasuwar waɗannan bayanai kuwa tana ci: a 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bankaɗo shafukan da ke sayar da bayanan NIN na 'yan Najeriya a kan naira 100.

Kafin hukuma ta iso ƙauye, ɗalibi yana da abin yi. Ya buɗe imel da lambar wayarsa, ya rubuta kalmar sirrinsa da hannunsa, ya nemi a buɗe masa tagar baƙo ko ta sirri wadda ba ta adana abin da aka shigar. Ya sani cewa wannan taga ba ta goge fayil ɗin da aka sauke, don haka ya tsaya a share su a gabansa, har daga kwandon shara. Wanda ya riga ya bar ƙofa a buɗe zai iya rufe ta daga wayarsa: a sashen tsaro na akawun Google akwai jerin duk na'urorin da ke ciki, WhatsApp ma yana da irinsa, kuma daga nan ake fitar da kwamfutar shagon kafin a sauya kalmar sirri.