Shin Tarihi Yana Da Doka Irin Ta Halitta?

Masana falsafar tarihi sun daɗe suna jayayya kan yadda ake sanin abin da ya wuce. Ɓangare ɗaya na cewa al'ummomi na bin ƙa'idoji tabbatattu, kamar yadda damina ke bin rani, don haka aikin masani shi ne gano waɗannan ƙa'idoji. Ibn Khaldun ya kusanci wannan ra'ayi a Muƙaddima, wadda ya rubuta a 1377, inda ya ce daula tana tasowa, ta ƙasaita, ta tsufa kamar mutum. Ɗaya ɓangaren, wanda Bajamushe Wilhelm Dilthey ya ƙarfafa a ƙarni na 19, na cewa kowane zamani sai an fahimce shi da tunanin mutanensa.

Ganuwar Kano ta isa misali. Masu ra'ayin farko za su ce duk birnin da ya tara dukiya a ƙasar da ake kai hare-hare sai ya gina ganuwa, shi ya sa Katsina da Zariya ma suke da tasu. Masu ra'ayi na biyu kuwa za su buɗe littafin Tarihin Kano, wanda wani Bature mai suna Palmer ya fassara a 1908, su nemi abin da ya sa Sarki Gijimasu ya fara ginin a ƙarni na 12, da abin da Sarki Muhammadu Rumfa ya nufa da ya faɗaɗa ganuwar, ya kafa kasuwar Kurmi.

Ƙa'ida tana nuna kamannin birane. Amma wanda ke son sanin Kano sai ya saurari Kanawan da suka gina ta.