Shirin Hutun Kaka a Tsibirin Aislan

Ɗalibai sun sha tambayata a ajin labarin ƙasa, shin me ke kai mutane yawon hutu ƙasar ƙanƙara, kuma yaya su ke shirya masa? To, bari in ɗauki Aislan misali, watau tsibirin nan da ke can arewacin Tekun Atlantika, wanda babban birninsa Rekyabik.

Da fari sai mu gane kakarsu ba irin tamu ba ce. Mu nan in kaka ta yi ruwa ya ɗauke ke nan. Su kuwa a Satumba da Oktoba ne ruwa da iska ke ƙaruwa. A Rekyabik ma'aunin zafi ba ya cika wuce digiri 10 a wannan lokaci, watau tsakar ranarsu ta fi asubar hunturun Kano sanyi.

Ni a ganina abin da mai shiri zai fara ƙidayawa shi ne hasken rana. A farkon Satumba yini ya kan kai sa'a 14, amma kullum ana rage minti 6 ko 7, har a ƙarshen Oktoba sauran sa'a 8 kurum. Saboda haka tafiyar da aka yi cikin yini guda a Satumba, a Oktoba sai dare ya riski mutum a hanya.

Sa'an nan sai hanya. Akwai babban titi da ya kewaye tsibirin, an gama shi cikin 1974, tsawonsa kamar mil 820. Wannan ana binsa duk shekara, ko da ya ke a kan rufe wani yanki in hadari ya taso. Amma hanyoyin duwatsu na tsakiyar ƙasar da ƙanƙara ta fara zuba an daina bi. Haka kuma sananniyar hanyar ƙafan nan ta Laugavegur, mai mil 34, ɗakunan kwananta a kan rufe su wajen tsakiyar Satumba. Wanda ya makara sai ya haƙura da gajerun hanyoyi na bakin teku.

Batun tufafi kuwa, kada a dogara ga riga guda mai kauri. A sa uku bisa juna: ta ulu a jikin fata, rigar sanyi a tsakiya, rigar ruwa a waje. Auduga ba ta da amfani a can, don in ta jiƙe sai ta riƙe ruwa ta zuƙe ɗumin jiki, abin da ke halaka matafiyi ke nan. Laima ma a bar ta gida, iska za ta karya ta.

Wajen kwana akwai doka. Tun 2015 an hana kwana cikin mota in ba a zangon da aka keɓe ba, sai fa da iznin mai ƙasa. Zango da yawa kuwa su kan rufe cikin Satumba, don haka a bincika tun kafin a tashi. Kowace safiya a duba gargaɗin ofishin duba yanayi: rawaya a yi hankali, ja a zauna ɗaki. A bar wa ƙungiyar masu ceto bayanin inda za a bi, a kuma haddace lambar neman taimako, 112.

Ladan wahalan nan ba kaɗan ba ne. Cikin Satumba manoma ke koro tumakinsu daga duwatsu, a taru ana rarrabewa ana waƙa. Da dare kuma, in sama ta washe, a kan ga wani haske kore yana rawa a sararin sama.

Da ni ne mai tsara tafiyar mako guda, da kwana 5 kaɗai zan cika da shiri, in bar 2 saboda hadari. Malamin da ya taɓa rubuta shirin darasi bai bar lokacin tambaya ba ya san dalili. Iyakar bayanina ke nan.