Wata Bakwai a Samaniyar Libiya, Shekaru a Ƙasar Sahel

Ranar 17 ga Maris 2011, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zauna a kan batun Libiya, ya fitar da ƙuduri mai lamba 1973. Ƙasashe 10 suka amince, 5 suka ƙaurace wa ƙuri'ar: Rasha da Sin da Jamus da Indiya da Brazil. Abin da muke yawan mantawa shi ne, ƙasashen Afirka uku da ke zaune a kwamitin a lokacin, Najeriya da Afirka ta Kudu da Gabon, duk sun ɗaga hannu. Da sun ƙi, da ƙudurin bai samu ƙuri'u tara da ake bukata ba. Don haka kafin mu nuna wa Turawa yatsa, ya kamata mu san cewa da hannunmu aka buɗe ƙofar.

Ƙudurin ya ba da izinin rufe sararin samaniyar Libiya da ɗaukar matakin kare farar hula, ya kuma haramta mamaye ƙasar. Bai ce a tumɓuke kowa ba. Kwana biyu bayan haka jiragen Faransa suka far wa ayarin tankokin Gaddafi a wajen Benghazi. Ƙungiyar tsaro ta NATO ta karɓi ragamar yaƙin a ƙarshen Maris, aka ci gaba da ruwan bama-bamai har wata bakwai. Ranar 20 ga Oktoba jiragen suka bugi ayarin motocin Gaddafi yana ƙoƙarin fita daga Sirte, 'yan tawaye suka kama shi suka kashe shi. Ranar 31 ga watan NATO ta ce aiki ya kammala, kowa ya kama hanyar gida.

Masu goyon bayan yaƙin suna da hujja, kuma ba hujjar banza ba ce. Mutumin da ya yi mulki shekara 42 ya fito a talabijin yana kiran masu zanga-zanga ɓeraye, yana alwashin bin su gida-gida. Wannan gwamnatin ce ta kashe fursunoni sama da 1,200 a kurkukun Abu Salim a 1996. Duniya kuma ba ta gama jin kunyar Ruwanda ba, inda a 1994 aka tsaya ana kallo har aka hallaka mutane kusan 800,000. Mutumin Benghazi da ya ji rugugin tankoki a ƙofar gari ba shi da lokacin tunanin makomar Gao ko Tillaberi, neman tsira yake yi. Ni ma ban yarda da masu mayar da Gaddafi waliyyi ba. A wajenmu ana tuna shi da masallatai da kyautar kuɗi da Maulidin da ya jagoranta a Agadas a 2007, amma shi ne ya yi shekaru yana yaƙar Chadi a kan zirin Awuzu, a sansanoninsa Charles Taylor da Foday Sankoh suka samu horo, kuma a 2010 shi ya ba da shawarar a raba Najeriya, har Abuja ta janye jakadanta.

Matsalar ta fara ne daga inda aikin ya kumbura. An shiga da sunan kare Benghazi, aka wayi gari jiragen NATO sun zama rundunar sama ta 'yan tawaye. Tarayyar Afirka ta naɗa shugabanni biyar, har da Jacob Zuma da Amadou Toumani Touré na Mali, su nemo sulhu. A watan Afrilu Gaddafi ya ce ya karɓi tsarin nasu, 'yan tawayen Benghazi suka yi fatali da shi don bai tilasta masa sauka nan take ba. Ai dole su ƙi: wanda ke da jiragen manyan ƙasashe a bayansa, me zai je nema a teburin sulhu? Ko Gaddafi da gaske yake ko yaudara ce, ba a bari an gwada shi ba. A 2016 kwamitin harkokin waje na majalisar dokokin Birtaniya ya binciki lamarin, ya gano cewa an zuzuta barazanar da ke kan farar hula, bayanan sirrin da aka dogara da su ba su cika ba, kuma babu wani tsari na abin da za a yi bayan faɗuwar gwamnati. A shekarar ne Barack Obama ya amsa cewa rashin shirya wa ranar da za ta biyo baya a Libiya shi ne mafi munin kuskurensa a mulki.

Maƙwabta sun faɗa tun ana cikin yi. Mahamadou Issoufou na Nijar, wanda bai fi wata biyu da hawa mulki ba, ya gargaɗi shugabannin manyan ƙasashe a taron Deauville a watan Mayun 2011. Idriss Déby na Chadi ma ya yi ta faɗa. Ba boka ne ya gaya musu ba, sun san hanyar ne, sun san abin da ke cikin rumbunan makaman da Gaddafi ya tara da kuɗin man fetur, sun kuma san su wane ne ke cikin rundunarsa.

Tun shekarun fari na 1970 da 1980 samarin Buzaye daga Mali da Nijar suka yi ta kwarara Libiya neman abinci, da yawa suka shiga soja. Da gwamnati ta rushe, sai suka loda makamai a motocin Toyota suka nufo kudu. A watan Oktoban 2011 aka kafa ƙungiyar MNLA, kuma wanda ya jagoranci mayaƙanta, Mohamed Ag Najem, kanar ne a sojan Libiya. Ranar 17 ga Janairun 2012 suka kai hari Menaka. Sojojin Mali, waɗanda ke kukan rashin harsashi da kisan da aka yi wa 'yan'uwansu a Aguelhok, suka huce a kan gwamnati: Kyaftin Amadou Sanogo ya kifar da Touré a watan Maris. Cikin kwana uku Kidal da Gao da Timbuktu suka faɗi. MNLA ta yi shelar ƙasar Azawad ranar 6 ga Afrilu, ba ta kuwa ci moriyarta ba, domin Ansar Dine ta Iyad Ag Ghaly da MUJAO da reshen Alƙa'ida suka kore ta suka ƙwace garuruwan. Da gatari da diga aka rushe hubbaren waliyyan Timbuktu.

A nan ya kamata a tsaya a yi adalci, don akwai masu ɗora wa NATO kowane harsashi da aka harba a Sahel. Arewacin Mali ya yi tawaye a 1963 da 1990 da 2006, Gaddafi na raye. 'Yan Alƙa'ida sun gangaro daga Aljeriya sun yi sheƙa a hamadar Mali shekaru kafin 2011, suna kama Turawa suna karɓar kuɗin fansa. Boko Haram ta yi arangamarta ta Maiduguri tun 2009, kuma makamai masu yawa da ke hannun irin waɗannan ƙungiyoyi daga barikokin sojojinmu aka ƙwato su. Dubi Nijar: ita ce ke da iyaka da Libiya, Mali ba ta da ita, amma Nijar ba ta tarwatse a 2012 ba. Ta tare masu dawowa ta karɓe makaman da ta iya, ta kuma jawo shugabannin Buzaye cikin gwamnati, har Brigi Rafini, ɗan Iferwan, ya zama firaminista a watan Afrilun 2011. Guguwa ɗaya ta kaɗa, amma gidan da ya riga ya tsage shi ya faɗi. Sai dai wannan bai wanke wanda ya tayar da guguwar ba, don tsagar a fili take, an kuma nuna masa ita.

Daga nan sai katsalandan ɗaya ya riƙa haifar wani. Ranar 11 ga Janairun 2013 Faransa ta shiga Mali bisa roƙon gwamnatin Bamako, bayan mayaƙan sun kama Konna. Da François Hollande ya sauka Timbuktu farkon Fabrairu, mata suka fito da tutocin Faransa suna guɗa, ana kiɗan da aka hana su watanni. Murnar ta gaskiya ce, kuma shigar ta ceci garuruwa. Amma an ce tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya. Rundunar Faransa ta Serval ta rikiɗe ta zama Barkhane a 2014, ta kai sojoji sama da 5,000 a ƙasashe biyar. Majalisar Ɗinkin Duniya ta kawo MINUSMA. Amurka ta gina sansanin jirage marasa matuƙa a Agadas. Mayaƙan kuwa da aka kora daga birane suka bazu cikin karkara, suka shiga rigingimun manoma da makiyaya, suka zama alƙalan ƙauyukan da hukuma ta manta da su. Yaƙin ya sauko tsakiyar Mali, ya tsallaka Burkina Faso, ya shigo yammacin Nijar. A Inates an kashe sojojin Nijar 71 a watan Disambar 2019, wata guda bayan haka aka kashe 89 a Chinagodar. Ana maganin ƙaba, kai yana ƙara kumbura.

Talakan da ke ganin jiragen baƙi suna shawagi a kansa alhali ana kore masa shanu, dole ya yi tambaya. Idan kuma bam ya faɗa inda bai kamata ba, kamar a Bounti a Janairun 2021, inda binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce farar hula 19 aka kashe a wurin ɗaurin aure, Faransa kuma ta musanta, sai tambayar ta koma ƙiyayya. A kan wannan fushin sojoji suka hau mulki a Bamako a 2020 da 2021, a Wagadugu sau biyu a 2022, a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023. Aka sallami Faransa daga Mali da Burkina da Nijar, MINUSMA ta naɗe tabarma a ƙarshen 2023, Amurka ta bar Agadas a 2024. Abin da ke damuna shi ne, an sauya baƙo ne kawai. Bamako ta kawo sojojin hayar Wagner, kuma a Moura, a watan Maris na 2022, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce sojojin Mali da baƙin da ke tare da su sun kashe aƙalla mutum 500. Wanda ya yi Allah wadai da Bounti ya yi shiru a kan Moura, ba ran talaka ne ya dame shi ba.

Akwai ɓarnar da ba ta da ƙarar bindiga. Libiya ce gonar rani ta gidaje da yawa a Tawa da Damagaram da Agadas. Magidanci ya tafi Sabha ko Tarabulus ya yi leburanci ko gadi, ya aiko kuɗin gero da na biki. A 2011 dubun dubatarsu suka dawo ta Dirku hannu rabbana, wasu da tabon duka, don an riƙa kama baƙar fata ana ce musu sojojin hayar Gaddafi. Su ma baƙaƙen Libiya ba su tsira ba: mayaƙan Misrata sun kori mutanen Tawarga kaf daga garinsu. Hanyar dai ba ta mutu ba. Shekarun da suka biyo baya, duk Litinin da yamma motocin Hilux kan tashi daga Agadas, samari jere a gefen bodi, ƙafafu a waje, kowa ya rungume sandar da aka kafa masa don kada ya faɗo, fuska naɗe da rawani, jarkokin ruwa ɗaure a jiki. Ƙasar da suke nufa ba ta da gwamnati ɗaya. A watan Nuwamban 2017 tashar CNN ta nuna hoton yadda ake gwanjon mutane a kusa da Tarabulus, Najeriya ta shiga jigilar 'ya'yanta zuwa gida.

Ita kanta Libiya ta rabu biyu tun 2014. ISIS ta riƙe Sirte daga 2015 zuwa 2016. Da Khalifa Haftar ya tasar wa Tarabulus a 2019, Turkiyya ta tsaya wa ɓangare ɗaya, Daular Larabawa da Masar da Wagner suka tsaya wa ɗayan. Da madatsun ruwa biyu da aka daɗe ba a gyara ba suka ɓalle a Derna a Satumbar 2023, dubban mutane suka tafi cikin dare ɗaya. Ko Siriyawa sun biya wani kaso na bashin, domin Rasha da Sin sun riƙa kafa hujja da yadda aka wuce gona da iri a Libiya, suka hau kujerar na-ƙi a kan ƙudurin Siriya tun Oktoban 2011.

Mun saba cewa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. A wannan lamari ba haka aka yi ba. David Cameron da Nicolas Sarkozy sun je Benghazi a Satumbar 2011 an yi musu tafi, suka koma gida. Bakin da ya ƙone na matar Tillaberi ne da ke sansanin 'yan gudun hijira, da na manomin Tangaza da Gudu a jihar Sakkwato wanda yanzu Lakurawa ke karɓar zakka a hannunsa. Wannan rata tsakanin mai yanke shawara da mai ɗaukar kayan, a ganina, ita ce ta sa ake maimaita kuskuren. Ba na cewa duk shiga haram ce. A Gambiya a 2017 sojojin ECOWAS sun shiga, Yahya Jammeh ya fita ba a yi yaƙi ba, don akwai zaɓaɓɓen shugaba da ke jira, aikin kuma bai wuce abin da aka ce za a yi ba. A Libiya babu wanda ke jira sai ɗaruruwan ƙungiyoyi masu makamai.

Shi ya sa a watan Agustan 2023, da ECOWAS ta yi barazanar kai wa Nijar yaƙi don mayar da Mohamed Bazoum kan mulki, arewacin Najeriya ya tashi tsaye. Ba don kowa yana son juyin mulki ba. Sanatocin Arewa suka ƙi, majalisar dattawa ta ce a bi hanyar sulhu, Sarki Muhammadu Sanusi II ya tafi Yamai, tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau ta bi bayansa ta gana da jagoran juyin mulkin, Janar Tiani. Mutumin Illela da ke cin kasuwar Ƙwanni, da na Jibiya da surukansa ke Maraɗi, sun san a kan rufin wa bam ɗin zai sauka. Ba a yi yaƙin ba. Takunkumin kaɗai ya sa aka yanke wa Nijar wutar lantarki, manyan motoci suka yi wata da watanni a layi kaya na lalacewa, iyakar ta zauna a rufe har watan Maris na 2024, kuma kafin a buɗe ta Nijar da Mali da Burkina Faso sun riga sun sanar da ficewarsu daga ƙungiyar.