Daga akwatin rediyo zuwa wayar hannu: Yadda labari ke isa Kajiji da tasirinsa ga dimokuraɗiyya

A ranar 31 ga Disamba, 1983, mutanen Kajiji da sauran garuruwan ƙasar Shagari sun ji labarin kifar da gwamnatin ɗansu, Alhaji Shehu Shagari, kamar yadda akasarin 'yan Najeriya suka ji shi, wato daga muryar Birgediya Sani Abacha a akwatin rediyo. A wancan zamani duk wanda ya kame gidan rediyo ya kame kunnen ƙasa, shi ya sa masu juyin mulki kan fara da can. Yau kuwa saurayin da ke zaune a bakin tashar Kajiji yana riƙe da na'urar da za ta iya kai muryarsa Abuja ko Landan cikin ƙiftawar ido. Wannan sauyi ya bai wa talaka baki, amma ya zo da tambayoyi biyu da dimokuraɗiyya ba ta gama amsawa ba: wa ya faɗi labarin, kuma wa ke riƙe da layin da ya biyo?

Isar da saƙo ga jama'a tsohuwar sana'a ce a wannan yanki. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a Sifawa, cikin ƙaramar hukumar Bodinga ta yau, kafin ya koma Sakkwato a 1815, kuma shi da almajiransa sun yaɗa koyarwarsu ta wasiƙu da waƙoƙin Fulatanci da Hausa. 'Yarsa Nana Asma'u ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis ke haddace waƙoƙinta su kai wa matan karkara. Da zamani ya juya, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Zariya a 1939, sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, Rediyon Kaduna a 1962, Muryar Amurka kuma ta buɗe sashen Hausa a 1979. Abin da ya haɗa waɗannan hanyoyi duka shi ne an san mai saƙo. Idan jaji ta yi kuskure akwai malamar da ta aiko ta, idan jarida ta yi ƙarya akwai editan da za a tuhuma.

Zuwan wayar salula a 2001, da intanet da ya biyo bayanta, ya rushe wannan tsari. Muhimmin abu ga karkara shi ne saƙon murya na WhatsApp, domin ba ya buƙatar boko ko ajami. Manomi na jin farashin albasa a kasuwannin kudu kafin ya ɗora buhunsa a mota. Ƙauyen da 'yan bindiga suka tunkara na iya sanar da maƙwabta. Hoton ajin da rufinsa ya yaye na iya isa gaban gwamna ba tare da ya bi ta ofishin kowa ba.

A fagen zaɓe ma amfanin a bayyane yake, kuma Sakkwato ta fi kowace jiha sanin darajar ƙuri'a ɗaya. A 2019, bayan zaɓen cike gurbi, Aminu Waziri Tambuwal ya kayar da Ahmed Aliyu da ratar ƙuri'a 342 kacal, adadin da rumfa guda a Kajiji za ta iya juyawa. Saboda irin wannan ne hukumar INEC ta shigo da na'urar tantance katin zaɓe a 2015, sannan ta ƙaddamar da shafin IReV a 2020, ta kuma fara amfani da BVAS a 2021. Na'urar BVAS tana tantance mai zaɓe ta yatsa ko fuska, sannan a ɗauki hoton takardar sakamakon rumfa da ita a ɗora a shafin, domin kowa ya gwada abin da aka ƙirga a gabansa da abin da aka sanar. Sai dai a zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu, 2023, sakamakon bai hau shafin a kan lokaci ba. Hukumar ta ce tangarɗar na'ura ce, Kotun Ƙoli kuma ta yanke a watan Oktoban shekarar cewa hakan bai isa ya soke zaɓen ba. Darasin da aka ɗauka shi ne na'ura na iya taimakon gaskiya, amma amanar masu sarrafa ta ce ke sa jama'a su yarda da ita.

Matsala ta farko ita ce labarin da ba shi da uba. Kamfanonin sada zumunta suna samun kuɗi ne daga talla, tallar kuma na ƙaruwa gwargwadon daɗewar mutum yana kallon waya. Don haka manhajojinsu kan fifita abin da ke tayar da hankali, domin shi ne aka fi turawa. A 2018 jita-jitar cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya rasu an musanya shi da wani Jibrin daga Sudan ta yaɗu har sai da ya ƙaryata ta da bakinsa a ƙasar Poland. A shekarar ce kuma Facebook ya amsa cewa bai yi abin da ya kamata ba wajen hana amfani da dandalinsa a rura wutar ƙiyayya a Myanmar. A 2019 WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda. Yanzu ga ƙirƙirarriyar basira, wadda ke iya kwaikwayon muryar malami ko ɗan takara ta sa shi faɗin abin da bai faɗa ba. A al'ummar da ke girmama muryar malami, wannan babban haɗari ne.

Matsala ta biyu ita ce ikon kashe layin. A watan Satumbar 2021, bayan Zamfara, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato domin toshe wa 'yan bindiga hanyar samun bayanai. Dalilin tsaro ne, amma ɗan kasuwa da mai haƙuri a asibiti da mai neman agaji duk sun ɗanɗana kuɗarsa. Daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 kuma gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, matakin da kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki. Ashe dai muryar da fasaha ta bai wa talaka aro ce, tana hannun gwamnati da kamfanonin da ke zaune a Amurka.

Maganin matsala ta biyu yana wurin majalisa da kotu: a samar da dokar da za ta fayyace wanda ke da ikon katse layi, bisa wane dalili, kuma na tsawon wane lokaci. Maganin ta farko kuwa yana cikin gadon ƙasar Shehu. Malaman hadisi ba sa karɓar ruwaya sai sun bi isnadinta, sun san wa ya ji daga wa. Wannan ƙa'ida ta dace da wayar hannu. Kafin mutum ya danna tura, ya tambayi kansa wa ya fara faɗa, yaushe aka ɗauki hoton, kuma ko wata kafa mai suna da adireshi ta tabbatar. Limamai da malaman makarantu da gidajen rediyo irin su Rima za su iya koyar da wannan kafin kakar zaɓe ta kankama. Jita-jita ƙanwar ƙarya ce, kuma a jihar da ƙuri'a 342 suka taɓa raba gardamar kujerar gwamna, saƙon murya guda na ƙarya da aka tura daren jajibirin zaɓe ya isa ya sauya wanda zai mulki mutane shekara huɗu.