Damtse Ya Cika Riga, Madubi Na Cewa Da Saura

Ka san shi a unguwarku, ko kuwa kai ne. Ana idar da sallar asuba yana wurin ɗaga ƙarfe. Damatsa sun cika riga, yara na kiransa "Oga", amma in ya tsaya gaban madubi, wani ramamme yake gani. Ranar da bai ɗaga ƙarfe ba, ko gaisuwa ba ya amsawa da daɗi.

Likitocin ƙwaƙwalwa sun san wannan larura. A 1993, Harrison Pope na Jami'ar Harvard a Amurka da abokan aikinsa suka bayyana ta a tsakanin masu gina jiki: mutum ga ƙwanji, amma kullum yana ganin kansa ƙarami. A 2013, kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na Amurka, DSM-5, ya sa ta cikin larurar ganin aibu a siffar jiki, dangin ciwon waswasi.

A 2015, Mark Griffiths na Jami'ar Nottingham Trent a Ingila da abokansa biyu suka kawo wata fahimta, cewa abin ya fi kama da jaraba irin ta caca. Griffiths na auna jaraba da alamu shida. Abin ya mamaye maka tunani. Kana yinsa don huce haushi. Awa ɗaya ta daina isarka, sai uku. In ka fasa, rai ya ɓaci. Yana haɗa ka faɗa da gida, makaranta ko aiki. Ka daina, ka sake komawa.

Wasu masana ba su yarda ba. Hujjarsu ita ce ɗan caca daɗi yake bi, shi kuwa wannan tsoro ne ke korarsa, tsoron a gan shi ƙarami. Har yau caca kaɗai DSM-5 ya amince da ita a matsayin jarabar ɗabi'a, sai Hukumar Lafiya ta Duniya da ta ƙara wasannin bidiyo.

To, su masana su ci gaba da muhawara, kai jikinka ne a ciki. Wannan hali ne ke kai samari ga allurar sitiroid, wadda kan taɓa zuciya da hanta, ta ƙanƙantar da maraina, ta rage haihuwa.

Motsa jiki lafiya ne, babu mai hana ka. Amma gwada kanka: huta kwana uku. In hankalinka ya tashi, in kana ɗaga ƙarfe da ciwo a kafaɗa, in kuɗin makaranta na tafiya a garin furotin, in ka ƙi zuwa bikin abokinka don kada ka karya tsarin abinci, to ka je asibiti ka nemi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Ana magance ta da zaman tattaunawa da ƙwararre, wani lokaci da ƙwayoyi. Ba hauka ba ne, kuma faɗa wa likita ba ragwanci ba ne.