Takardar Jikin Kwalbar Giya a Amurka da Abin da Ba Ta Faɗa

A Amurka, mai kamfanin wiski ba ya da ikon manna wa kwalbarsa takarda ya tsallaka da ita wata jiha sai gwamnatin tarayya ta karanta abin da ya rubuta, ta sa hannu. Haka ma ɗan kasuwar da ya ɗauko giyar inabi daga Faransa ko Italiya: kayansa za su zauna a hannun kwastam har sai ya nuna shaidar amincewa, wadda 'yan harkar ke kira COLA. Hukumar TTB ce ke bayar da ita kyauta, galibi ta intanet, kuma buƙatun da take karɓa duk shekara sun haura dubu 100.

Dokar ta samo asali ne daga wani zamani mai ɗaci. Daga 1920 zuwa 1933 an haramta yin barasa da sayar da ita a ƙasar, sai kasuwar ta koma hannun 'yan fasa-ƙwauri, waɗanda suka riƙa sayar da gurɓatacciyar giya, mutane suna makancewa, wasu suna mutuwa. Da aka ɗage haramcin, Majalisar Dokoki ta kafa doka a 1935 cewa dole kwalba ta faɗi gaskiyar abin da ke cikinta tun kafin ta isa kanti.

Ta wannan fuska dokar tana da haƙora. Dole a rubuta sunan kayan, da nau'insa, da yawansa, da sunan wanda ya ɗura shi ko ya shigo da shi. Ba a kiran wiski da sunan bourbon sai masara ta kai kashi 51 cikin ɗari na hatsin da aka dafa shi da shi, kuma an adana shi cikin sabuwar ganga ta itacen oak da aka babbake cikinta. Giyar inabin da aka sa wa sunan wani irin inabi, a ƙa'ida sai kashi 75 nata ya fito daga irin. Idan sinadarin salfayit ya kai kashi 10 cikin miliyan, sai an bayyana, domin yana tayar wa wasu masu asma da ciwo. An hana batsa, an hana kushe kayan abokin gasa, an hana duk rubutun da zai yaudari mai saye ya ɗauka giyar magani ce. Ƙarfin shaidar COLA ya fito fili lokacin da ayyukan gwamnati suka tsaya na kwana 35, daga Disambar 2018 zuwa Janairun 2019: ƙananan kamfanoni suka zauna da sabbin kayansu a ajiye, ba mai sa musu hannu.

To, sai dai TTB ba hukumar lafiya ba ce. Reshe ce ta Ma'aikatar Baitulmali, an kafa ta a 2003, kuma ita ke karɓar harajin barasa da taba. Daga nan gurguntakar ta faro, a ganina. Kwalbar lemo a Amurka tana ɗauke da jerin abin da aka haɗa ta da shi da yawan sukarinta, saboda tana ƙarƙashin hukumar abinci da magunguna ta FDA. Kwalbar wiskin da ke kusa da ita a kanti ɗaya ba a wajabta mata wannan ba. Dokar 1935 ma hana rubuta ƙarfin barasa a jikin biya ta yi, don gudun kamfanoni su shiga gasar wa ya fi bugarwa, sai da kamfanin Coors ya kai ƙara, Kotun Ƙoli ta soke hanin a 1995.

Gargaɗin lafiya guda ɗaya ne tilas, wanda Shugaba Ronald Reagan ya sa wa dokarsa hannu a 1988, ya fara aiki a Nuwambar 1989. Yana hana mai juna biyu sha saboda illa ga ɗan da ke ciki, yana cewa barasa na rage iya tuƙi da sarrafa inji, sannan wai tana iya jawo matsalar lafiya. Kalma ɗaya ba ta canza ba tun daga lokacin. Doka ta yarda a buga shi da haruffa masu tsayin milimita 2 a kwalba ta yau da kullum, kuma yawanci can baya ake cusa shi, inda ido ba ya zuwa.

Abin takaicin shi ne, a wannan shekara ta 1988 ɗin ce cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa barasa a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa, rukuni ɗaya da taba. A Janairun 2025, babban likitan gwamnati na lokacin, Vivek Murthy, ya bayyana cewa barasa na da hannu a kansa iri 7, ciki har da ta mama da ta hanta da ta hanji, kuma tana jawo kamuwar mutum kusan 100,000 da mutuwar kusan 20,000 a Amurka duk shekara, alhali waɗanda suka san haka ba su kai rabin jama'a ba. Ya nemi a sabunta gargaɗin. Amma shi ba ya iyawa, TTB ma ba ta iyawa, domin kalmomin suna cikin doka, Majalisa kaɗai ke taɓa su.

Ko ga wanda bai taɓa kusantar giya ba, akwai abin dubawa a nan, domin wanda direba mashayi ya kaɗe ba ruwansa da kwalbar, haka ma jaririn da aka haifa da naƙasa. A wajen Amurka kuwa, ƙasar Ailan ta yi ƙoƙarin zarce kowa a Turai: a 2023 ta kafa ƙa'idar da ta wajabta rubuta alaƙar barasa da kansa da ciwon hanta, da jan rubutu, daga Mayun 2026. Ƙasashe masu sayar da giyar inabi suka yi ca a kanta, ga kuma fargabar harajin cinikayya da Amurka. A 2025 gwamnatin ta ɗage aiwatarwar zuwa 2028.